Lema Uku, Ko Ɗigon Ruwa

Wani ma'aikacin banki a Gumel ya cuce ni da lema, kuma da ƙafata na kai masa kaina.

Na sayar da riɗina a Maigatari, na ce bari in buɗe wa 'ya'yana uku asusun ajiya saboda makaranta. Bankin farko suka ce kuɗin ruwansu ya fi yawa, amma ba sa ba da kyautar komai. A na biyu wani mai laktaye ya ce, "Alhaji, kowane asusu da lemarsa." Ban taɓa zuwa Makka ba, amma na amsa. Ni da na tsaya a aji huɗu, na yi lissafin manya: ruwa sai an jira shekara, lema kuwa ga ta a hannu. Dama matata ta ce in tambayi ƙanina, na ce me ya sani.

Na shiga garinmu Gagarawa da lema uku a hammata kamar wanda ya ci zaɓe.

Shekara ta zagayo na je dubawa. Ba ƙari, har sun yanki kuɗin saƙon waya. Lema biyu kuwa iskar farkon damina ta karya su.

Yanzu a majalisa sunana Mai Lema. Ko yayyafi aka fara sai su ce, "Ku bar shi, ruwa ba ya taɓa shi."

Na koma na dire wa mai laktaye ta ukun a tebur. Na ce, "Ungo. Lemarku ta yi aiki, ko ɗigo bai sauka kan 'ya'yana ba."