Wasiƙar Shaidar Malam Da-Ba-Don-Ni-Ba

Duk makarantar da ta samu mataimakin shugaba irin Malam Da-Ba-Don-Ni-Ba, to ta gode wa Allah ta ƙara. Bawan Allah ne wanda ko bishiyar harabar makaranta ta yi 'ya'ya, sai ya tuna wa malamai cewa shi ya hana a sare ta. Bangon ofishinsa ya cika da takardun yabo, har da ta wani taron bita na yini ɗaya da ya isa bayan an tashi. A teburinsa akwai hatimi uku, da biro mai ruwan zinare wanda ba ya rubutu, da madubi da ya ce na lura da ɗalibai ne.

A shekarar nan wata jami'a ta sanar da gurbin karatu kyauta guda ɗaya tal, da ɗakin kwana da littattafai da abinci. Kowa ya san mai nema: 'yar tela, wadda ake kira Auta. Shekara uku tana shiri, tana warware tsofaffin tambayoyin jarrabawa a bayan kwalayen da babanta ke yankan samfurin riga. Ya riga ya gaya mata gaskiya: in gurbin ya kuɓuce, ga keken ɗinki na biyu yana jiran ta.

Saura wasiƙun shaida biyu. Malamar kimiyya ta rubuta tata a tsaye, layi bakwai. Ta biyun ta hukumar makaranta ce, Malam kuwa ya ce ba mai taɓa ta sai shi.

"Yarinya, kin taki sa'a," in ji shi, yana gyara wuyan kwat a madubi. "Alƙalamina bai taɓa ƙwanƙwasa ƙofa ta ƙi buɗuwa ba. Dawo jibi."

Jibi ta zama mako uku. Ba wai zaune yake ba, Allah ya sani. Ya sa an kawo masa ƙamus, ya hana buga ƙararrawa kusa da tagarsa, ya kori masu shara don tsintsiya na katse masa tunani. Auta kuwa kullum tana bakin ƙofa tana ƙirga kwanaki. Ana gobe rufe karɓar takardu tela ya zo da kansa, tef ɗin awo a wuya.

"Ranka ya daɗe, gobe fa ake rufewa."

"Tela, kai ma ka san rigar kirki ba a ɗinka ta yini ɗaya."

"Haka ne, ranka ya daɗe. Amma wadda aka gama bayan an tashi daga taro, mai ita ba ya godiya."

Washegari Malam ya fito da shafi biyar. Na farko tarihin haihuwarsa ne. Na biyu yadda ya zo na ɗaya a aji huɗu na firamare. Na uku da na huɗu hidimarsa ta shekara ashirin da shida, har da taron bitar nan. Auta ta samu shiga a layin ƙarshe, a matsayin "ɗaya daga cikin dubban da suka sha daga kogin iliminmu". Sunanta bai samu wuri ba. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa. Ya liƙe ambulan, ya buga hatimin nan duka uku.

Bayan wata guda wasiƙu biyu suka iso daga jami'a, ɗaya ta Auta, ɗaya da sunansa. Bai buɗe ba. Ya tara makaranta a fili, ya kira mai hoto, ya karɓi lasifika.

"Kun gani ko? Masu ilimi ba sa yabon reshe su manta saiwa. Mai hoto, ka kama hannuna daidai lokacin da nake yagewa."

Ya yage, ya gyara murya: "Mun karanta takardar neman gurbinka da sha'awa. Sai dai gurbin na ɗaliban da ba su wuce shekara ashirin ba ne. Muna ba ka shawara ka tuntuɓi sashen karatun manya."

Da yake muryarsa yake saurare ba kalmomin ba, sai da ya karanta har wurin sa hannu. Mai hoto bai tsallake komai ba.

Auta ta buɗe tata a bayan aji. Layi bakwai ɗin malamar kimiyya sun sa an gayyace ta ganawa, bisa sharaɗin ta kawo wasiƙa ta biyu daga wanda ya san sunanta. Shugaban makaranta ya rubuta kafin a tashi. Ta je, ta ci, tela ya mayar wa keke na biyu mayafinsa.

Malam kuwa ya sa an yi wa tasa firam, ya rataye ta sama da ta taron bita. Takarda ce daga jami'a, ga sunansa, ga hatimi. Ya dai ɗaga ta can kusa da silin, inda ido ba ya iya karantawa.