Man Shanuna da Motar Mai Farar Malfa

Illo masinja, kai kak kashe mini sana'a, kuma ga shi na kira sunanka gaban jama'a. Malam Junaidu, rubuta yadda nic ce, kar ka sa mishi zuma. Ban san baƙi ba, amma na san wanda yash shiga ɗakina.

Ni ce Tasalla mai masa, ta bakin runji, wurin mahauta, nan Sakkwato. Yau tun asuba nike gaban tanda har rana tat take, ban sayar da komi ba. Tambari mahauci, wanda bai taɓa ƙetare ƙofata da yunwa ba, yag gutsura guda, yat tsaya shina tauna awa raƙumi.

"Inna Tasalla, wagga masa ci aka yi, ko kunnawa?"

Nic ce, "Aje mini abina, ɗan nema."

"Wallahi tun da nih haɗiye ƙafata ke son gudu."

Dariya yay yi, ni ko ban ga abin dariya ba. Kowa ya san masata ba ta san man gyaɗa ba. Tun damina, lokacin da nono ke araha, nike tare Fulani a hanya ina sayen man shanu dunƙule-dunƙule, in soya, in tace, in zuba tulu in liƙe baki. Shi ke kai ni wata damina. Yanzu ko shanu sun yi kudu, ko da kuɗinka ba ka samun na lasawa. Tulu biyu nit tara bana, su ne gonata, su ne rumbuna.

To, ga yadda anka yi. Wani babba cikin Nasara, Mai Girma Mai Farar Malfa, Allah shi ƙara mishi inuwa, yat tashi da marmarin zaga ƙasa cikin mota. Maƙwabciyata Kaltume ce tak kawo mini labarin.

Nic ce, "Haraji za shi karɓa?"

"A'a, Yaya. Kallo."

"Kallon mi?"

"Dutsen Kwatarkwashi, in ji su. Daga nan ganuwar Zariya, sai marinar Kano, a biyo ta Katsina a dawo. Duk cikin mako guda."

"Dutsen wani laifi yay yi?"

"Kallo dai, Yaya. Shi tsaya shi dube shi, shi koma mota."

Madalla da wanga tunani. Dutse na nan zaune tun zamanin Annabi Nuhu ba wanda yaj je gaishe shi, sai bana Allah yak kawo mai zumunci. Tun watan jiya mazan unguwa ke bakin hanya suna cike ramu, suna sare ƙaya, ana share zango ana yayyafa ruwa. Hanyar da jakin Kaltume ke bi ba a share mishi ko tsinke, ita ce anka ce sai an lallashe ta kafin ƙarfe shi taka.

Cikin shirin ne Mai Malfa yac ce da harshensu a aje abin shan mota kowane zango. Tafintansa, Malam Baki-Biyu, gwanin gwanaye, wanda ke haɗiye magana goma shi tofo guda, yaj juya ta yac ce, "A tara mai." Bai ce wane ba. Illo yaj ji mai, sai yat tuna ɗakin da yaf fi kowane ƙamshi a unguwa. Sai ga shi da ƙatti biyu da garewani.

"Inna, umurni ne daga sama. Mota za ta sha mai."

Nic ce, "Ɗan nan, yaushe ƙarfe yaf fara cin miya?"

"Inna, motar manya ce. Kina zaton na banza taka sha?"

Ina ji ina gani sunka fasa bakin tulunan, sunka juye cikin garewanin da anka taɓa zuba wannan ruwa mai wari, fetur suka ce mishi. Na riƙe rigatai, yaz zame. Ba a mugun sarki sai mugun bafade, haka aka faɗi, amma ni ban ga bafaden da ke aiken kansa ba.

Abin da yab biyo baya a bakin Tambari nij ji. Wai ranar gwaji direba yab buɗe garwa, yal leƙa, yas sa yatsa, yac ce wannan kam sai da tuwo. Shi ke nan anka ɗoro kayan a kai anka maido mini har ƙofa, ba sannu ba gafara. Na sake soyawa da albasa, na jefa citta, na shanya a rana. Warin na nan daram, da shi kuma nit toya masar yau.

Jiya niɗ ɗauki mayafina nit tafi ƙofar gidan Mai Malfa. Illo yac ce mai anka ce, mai yak kai. Malam Baki-Biyu yaf fito shina sakace haƙori.

"Iya, ni mai nic ce. Laifina ne Hausa ta ba abu biyu suna guda?"

"To wa zan kama? Hausa?"

"Ai an maido miki kayanki cif. Ga garwa kin samu kyauta, ba ki ko gode ba."

Nic ce a kai ni wurin mai gidan. Yac ce shina ciki shina auna hanya bisa takarda, ba a katse shi. Motar kuwa ga ta can ƙarƙashin rumfa, an lulluɓe ta awa mai zazzaɓi, don fetur ɗin gaskiya har yau shina bisa raƙuma bai iso ba. Ganin Dala ba shiga birni ba ne, su ko Dalar ba su hango ba, amma ni har an kai ni ƙasa.

Kaltume na cewa in yi haƙuri, ba a ja da mai bindiga. Ni ba ja nike ba, tambaya nike. Tsakanin wanda yaf faɗi, da wanda yaj juya, da wanda yaɗ ɗauka, dole akwai mai laifi guda, tunda man bai tashi da ƙafatai yash shiga garwa ba. Damina da saura, tanda ba ta toya haƙuri, jikokina kuma ba su cin umurni daga sama.

Don haka a cikinsu ukun nan wani shi zo shi cika mini tulunana da man da anka taras. In sun ce babu, to ga shawara kyauta ga masu tsara tafiya: a sa ƙofata ta zama zangon farko. In shimfiɗa musu tabarma, in cika akushi da masar yau, su zauna gaban jama'ar runji su cinye ta tas. Wanda yaf fara ture akushi, shi ne zai biya.