Kwamin Kaka Ya Yi Shiru

"Lafiya lau, ya gajiya? To shigo, mijin banza. Sai abu ya lalace ake ganin ƙeyarka."

Kaka ce ke yi wa jikanta mai gyaran famfo maraba. Ita kaɗai ta rage a tsohon gidan, ɗaki huɗu duk a kulle. Karo na uku ke nan tana kiransa kan kwamin wanke-wanke na kicin. Ruwa sai ya taru ya gama shawara, sannan ya sauka yana guɗ-guɗ-guɗ.

"Amarya, me kika jefa ciki? Haƙoranki?"

"Haƙoran nan sun tauna ƙashi tun ubanka bai san hanyar bakinsa ba."

Ya kwance gwiwar bututun da ke ƙasa, ya zura waya. Tas. Ya mayar, ya cika kwamin, ya saki ruwan, ya kasa kunne.

"Ba toshewa ba ce, numfashi ne babu. Kifa kwalba ki gani, sai iska ta shiga ruwa ke fita. Wane gwani ya haɗa bututun nan bai bar wa iska hanya ba?"

"Kakanka. Da hannunsa."

"Na faɗa! Tsohon nan zaɓen mata kawai ya iya, shi ma da ƙyar."

"Ja'iri! Ko takalminsa ba ka isa ɗauka ba."

"Zan fasa bango, in ɗora bututun iska ya fita ta rufi. Ruwa zai wuce sumul."

"Ƙarar fa?"

"Ita za ta fara tafiya."

Kaka ta goge hannu da bakin zani, alhali a bushe yake.

"Haka marigayi ke gyaran murya in ya sha shayi. Da safe in na wanke kofina ɗaya, sai in ji guɗ-guɗ, in ce masa, to, na ji."

"Au! Ina raye kina hira da wani a kicin?"

"Shi yana amsawa. Kai wayarka sai dai ta yi ta kuka."

Ya sunkuyar da kai yana juya sifana.

"Kaka, duk guɗ ɗaya yana zuƙe ruwan da ke kwance a gwiwar bututun, wanda ke tare warin kwata. Shi ke sa miki ciwon kan nan."

Ta daɗe tana kallon kwamin.

"Fasa," ta ce.

Kafin yamma bututu ya leƙo saman rufi. Ta zuba ruwa, ya wuce ko tari babu. Ta tsaya riƙe da kofi, kicin ya yi tsit.

Sai ya tura akwatin kayan aikinsa ƙarƙashin kwamin da ƙafa.

"Nan zai riƙa kwana, shagona ya cika. Da safe in zo in ɗauka, da yamma in dawo da shi."

"Gidan nawa ne ma'ajiyar tarkace?"

"Kuma kullum sai na sha shayi, in yi gyaran murya." Ya miƙe wuya: "Ehem-hem-guɗ!"

"Tir! Ba haka yake yi ba. Wannan ai akuya ce ta shaƙe."

"Ki koya mini mana."

Dariya ta ƙwace mata har da ƙwalla. Ta kwance makullin gida daga bakin zaninta, ta danƙa masa.

"Ungo. Kofi biyu zan fitar. Ka makara, na fasa auren."