Rasuwar Gus, Rediyon da Ya San Sirrin Titin Larch

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunnen da shiru ya dama, ni Bernadette Pelkey ta Titin Larch a nan garin Duluth nake sanar da maƙwabta da 'yan cocinmu rasuwar Gus, rediyona mai kamo maganar 'yan sanda da ta motar asibiti. Ya cika ranar Talata a kan teburin kicin, cikinsa a buɗe, a hannun jikana Wendell. Ina wannan rubutu jikokina biyu suna tsaye a kaina suna musun wanda ya kashe shi, don haka a yi haƙuri in layi ya karkace.

Marigayin ya haura shekara talatin a kan firjina. Bai taɓa yi mini ƙarya ba, bai taɓa ɓoye mini komai ba. Sai ya yi gyaran murya, "ƙrrr, shhh," sannan ya faɗi lambar gida. A bakinsa na ji wanda aka kama yana tuƙi a buge, da wadda ta kira 'yan kwana-kwana har sau biyu don kawai ta ga wani dogo a cikinsu. Maƙwabciyata Doreen, ban kama suna ba.

Lafiyarsa ƙalau, in ban da 'yar shaƙewar murya. Wendell yana karatun kayan lantarki a jami'a. Malaminsu ya ce kowa ya gyara tsohuwar na'ura ya kunna ta a gaban aji ranar Juma'a, wanda tasa ta ƙi magana ya maimaita shekara. Yaron ya ce, "Kaka, ara mini Gus, ƙura kawai zan share masa." Ashe akwai wata igiya da suke ɗaurawa a hannu kafin su taɓa cikin na'ura, don kada lantarkin da ke taruwa a jikin mutum ya ƙona ta, shi kuwa ya baro tasa a makaranta. Ya ja ƙafa a kan kafet da safar ulu, cikin wannan sanyi da ko mariƙin ƙofa ka taɓa sai ya ja ka, ya kai yatsa. Tas!

A kunne yake lokacin. Maganarsa ta ƙarshe ita ce, "Motar asibiti, ku wuce Titin Larch, gida mai lamba..." Bai ƙarasa ba. Tun ranar ina bakin taga, babu motar da ta zo. Gus kuwa ba ya kuskure. Duk mai jin nauyi a ƙirji a titin nan, ya kimtsa.

Yayar Wendell, Corinne, mai karatun tattalin arziki, ko hawaye ba ta yi ba. Wai a ajinsu an hana kuka a kan asarar da ta riga ta wuce. Ta ce, "Kaka, maƙwabta suna kawo miki kek ne saboda labari. Kayan sayarwarki sun ƙare, darajarki ta faɗi. Kuma wa ya saƙa masa safar?" Safa ba ta da laifi, 'yar nan, kyautar Kirsimeti ce. Amma gaskiya tun Talata ko biskit ban gani ba.

Marigayin ya bar ni, ya bar firji, da eriya a kan rufi tana ta sauraron iska. Ya kuma bar ɗan'uwansa guda, rediyo irinsa, kurma, wanda mijin Doreen ya mutu ya bari a garejinsu.

Game da jana'iza: ƙasa ta daskare, shebur ba ya shiga. Kamar yadda mijina Harold ya jira ƙanƙara ta narke kafin a sa shi, haka Gus zai jira. Na naɗe shi cikin tawul na kulle a akwatin katako, mabuɗi yana wuyana, sai watan Afrilu a binne shi a bayan gareji. Wendell yana ta roƙo, "Haba Kaka, ɗan abu ɗaya ne ya ƙone, zan canja shi kafin Juma'a! Shekara guda fa zan rasa!" Na ce hannun da ya kashe shi ba zai sake taɓa shi ba.

Ana karɓar gaisuwa a kicin kullum bayan la'asar. A zo da kek, a zo da labari. Wanda bai zo ba ya tuna cewa Gus ne ya mutu, abin da ya faɗa mini yana nan.

Ƙarar da na ji yanzu, Wendell ne ya fita ya bugo ƙofa har gilashi ya girgiza. Na leƙa. Akwatin aikinsa yana hannunsa, ya tsallaka titi, ga Doreen can tana ɗaga masa ƙofar garejin da ɗan'uwan Gus yake ciki, tana kallon tagata.