Inna Zubaida da Kwamitin Duba Hadari

Ranar Asabar da ta wuce, ƙarfe shida na safe, da kun bi ta bakin kasuwar Deptford a Landan da kun ga Malam Aziz tsaye, kular shinkafa a hannu ɗaya, ɗaya hannun yana riƙe da mahaifiyarsa Inna Zubaida, wadda ta sha rigar sanyi har uku. Su kusan arba'in ne, kowa da ƙunshinsa, suna jiran doguwar motar da ƙungiyarsu ta 'yan Arewa ta yi shata don kai su yankin tafkuna da duwatsu, can arewacin Ingila. Bakwai saura kwata wayoyi suka yi ƙara a tare. Saƙo ne daga manya: bisa shawarar Kwamitin Duba Yanayi an ɗage tafiya, domin akwai yiwuwar yayyafi da kashi talatin cikin ɗari. Karo na uku ke nan.

Malam Aziz direban bas ne. Shekara goma sha tara yana jigilar mutanen Landan, amma shi ko keke ba shi da shi. A wurin aikinsu, mai son hutun Asabar sai ya nema tun da saura mako shida, ya yi ta lallaɓa. Asabar uku ya samu da ƙyar, manya sun cinye masa dukkansu ba ko sannu. Inna kuwa wata shida ta yi a ɗakinsu na Catford, sanyi ya hana ta leƙa ƙofa. Wata rana ta ga koren dutse a talabijin, tumaki sun bazu a kansa ba makiyayi, ga ruwa shimfiɗe a ƙasa. Ita da ta yi kiwo tun tana budurwa, sai ta ce, “Aziz, wannan wuri kaɗai nake so in gani kafin in koma.” Ya ce ta sa a ranta ta gani. Bizarta ta zo ƙarshe, jirginta ranar Talata.

To, ku zo mu gaida kwamiti. Mutum biyar ne. Akwai Mai Girma Shugaba, akwai wanda ni na naɗa Sarkin Hadari, sai Magajin Gajimare da mataimakansa biyu, waɗanda aikinsu gyaɗa kai. Kayan bincikensu kuma wayar nan ce da ke aljihun kowa. Abin da kai za ka duba kana shan shayi, su sai sun zauna sau huɗu a kansa, da buɗe taro da addu'a da naman kaza. Sun fitar da rahoton bazarar bana mai shafi tara, wanda ya gano cewa a yankin za a yi sanyi da safe, wataƙila rana ta fito, wataƙila ta ƙi, ƙanƙara ba ta gama narkewa a kan duwatsu ba, ruwa kuma yana iya sauka kowace rana. Kai, Allah ya ƙara basira. Har ziyarar gani da ido suka kai wata Laraba, a motar ƙungiya, don su ga yadda sama za ta kasance ranar Asabar.

Da aka watse a safiyar nan, maƙwabcin Malam Aziz, Dachung, mutumin Jos mai aikin jinya, shi ya taya shi ɗaukar kula zuwa tashar bas, yana tafe yana tsaki.

“Malam Aziz, sau biyu na je wurin nan. Ruwan can ba ya zuwa hutu. Da me kake tsammani tafkunan suka cika? Turawa rigar leda suke sawa su hau dutse, har da tsofaffinsu.”

“To ai mu a gida in hadari ya haɗo, taro ya watse,” in ji Malam Aziz.

“A gida ke nan, inda damina ke da ranar zuwa da ranar tafiya. Nan in ka ce sai an ba ka takardar shaidar ba za a yi ruwa ba, sai jikokinka su gaji jiran.”

Inna ta ce, “Ni da na yi shuka ruwa na dukana shekara hamsin, yayyafi ne zai kashe ni?”

Ainihin maganar kuwa a bakin Awabu ta fito, 'yar zangon Kumasi mai shagon ɗinki da guga a nan kasuwar. Ta leƙo tana buɗe shago, ta gan su da kula.

“An yi cancel kuma? Ai na sani tun jiya. Riga Shugaba yana wurina. Shadda ne, daga Kano aka bugo shi. Ya ce in ɗigo ɗaya ya taɓa shi, ƙyalli ya tafi. Shi ko da shi zai yi jawabi bakin ruwa.”

Malam Aziz ya ji haushi, ya ji kunyar uwarsa. Wato tsohuwa ta tashi tun asuba sau uku, ta ɗaura zane a kan wando, don kada rigar wani ta jiƙe. Ya so ya kama jirgin ƙasa su tafi su biyu, amma kafin su tsallaka gari da tsohuwa mai ciwon gwiwa, su canza jirgi, su nemi motar da za ta kai su bakin ruwa, lokacin juyowa ya yi. Suka koma gida suka ci shinkafar. Ranar kuwa, don a ƙara masa takaici, rana ta wuni tana haskawa daga Landan har can.

Washegari Lahadi aka yi taron ƙungiya. Malam Aziz, wanda bai taɓa ɗaga hannu a taro ba, ya miƙe.

“Ranka ya daɗe, jiya ko ɗigo ba a yi ba. Mahaifiyata jibi za ta tafi. Me zan ce mata?”

Mai Girma ya gyara zama, ya ce lafiyar jama'a amana ce a wuyansa, kuma shugabanci ba wasan yara ba ne. Sarkin Hadari ya ƙara da cewa hasashensu bai yi kuskure ba, ruwan ne bai zo ba. Nan take aka kafa ƙaramin kwamiti ya binciko dalilin rashin zuwansa, aka ba shi wata uku. Sannan Mai Girma ya yi albishir cewa baɗi Inna, wadda suke kira Hajiya, ita ce za ta zauna a kujerar gaba ta mota. Aka yi tafi. Shekarunta saba'in da shida, kuma ba wanda ya tambaya ko za a sake ba ta biza.

Amma kada ku ce manyanmu ba su da tausayi. Ranar Talata da safe, ana ɗaure akwati, sai ga Magajin Gajimare da kansa da tsaraba a naɗe: hoton kwamiti a bakin tafki ranar ziyararsu, an sa shi a gilashi, don Hajiya ta nuna wa mutanen gida. Bai zauna ba, wai yana da wani zaman.

Inna ta sa tabarau ta kai hoton bakin taga. Ƙarti biyar ne kafaɗa da kafaɗa cikin manyan rigunan sanyi, sun cika shi daga wannan gefe zuwa wancan, kowa ya washe baki. Ta daɗe tana dubawa, ta karkata shi dama, ta karkata shi hagu.

“Aziz, ina tafkin?”

“Yana bayansu, Inna.”

“Duwatsun fa?”

“Su ma.”

Ta cire tabarau ta miƙa masa hoton. “To ajiye shi nan. Irin waɗannan muna da su a gida, ba sai na ɗauka ba.”

Na ji ƙaramin kwamitin zai fara zama ranar Asabar mai zuwa, in ba a yi ruwa ba.