Ɗinkin Babin Ƙarshe

"Jiki da sauƙi," in ji Tela, "sai da na ji takunki ciwon ya sake tashi."

Jikarsa ta ja kujera kusa da gadon. Wata uku ke nan da idonsa ya rufe, ciwon ƙirji kuma ya kwantar da shi, har an lulluɓe keken ɗinkinsa da tsohon zane. Kullum da yamma ita ke karanta masa littafin nan nata na matasa, labarin zamanin sarakunan da, na wata masaƙiya mai sihiri da ta ɗinke inuwar saurayinta a jikin ganuwa don kada ya tafi yaƙi. Gobe za ta tafi jami'a, sai bayan wata huɗu. Likita kuwa bai yi wa kowa alkawarin wata huɗu ba. Abin ya tsaya mata a rai.

"Tsoho, yau za mu gama. Saura babi ɗaya."

"Wa ya ce miki ina saurare? Barcina nake yi, ke kina ta zuba shirmen yara."

"Barci? Wa ya yi kuka ranar da dakarun sarki suka kama saurayin?"

"Maganin ido ne ya zubo."

"Har da shessheƙa?"

"Maganin mai ƙarfi ne. Ke dai ba ki da ta ido, Uwargida. A gaban mijinki kike yabon wani yaro da ko inuwa ba shi da ita."

"Miji? Wanda haƙoransa ke kwana a kofi? Ai na daɗe da sallamar ka."

"Kayya! A zamanina 'yan mata da gangan suke yaga zane don su zo shagona."

"Kaka dai ta ce tausayi ne ya sa ta aure ka."

"Allah ya jiƙanta, wurinta kika gado ƙarya."

Ta buɗe littafin, ta lasa yatsa za ta juya shafi, shafi ya ce bai san zance ba. Da ta duba, ashe gefen babin ƙarshe gaba ɗaya an ɗinke shi da baƙin zare, ɗinki ƙanana a jere, ko ɗaya bai karkace ba.

"Tsoho! Me ka yi wa littafina?"

"Ni? Makaho? Sihirin ciki ne ya fito."

"Sihirin da ke ƙulla zare sau biyu a ƙarshe, irin na kayan makarantata?"

"Aljanu ma a shagona suka koyi sana'a."

"To wa ya zura maka zaren?"

"Da harshe na lalubo kafar allurar. Shekara hamsin wasa ce?"

Ta kalli yatsunsa, duk allura ta sossoke su, jini ya bushe a babban yatsa. Nan take ta gane, tausayi ya kama ta har ƙwalla ta cika mata ido. Ta gode Allah da ba ya gani.

"Wato masaƙiya ka kwaikwaya. To ni ba inuwa ba ce, motar gobe ba fashi."

"Wa ya riƙe ki? Tafi in huta da surutu."

Ya laluba ƙarƙashin matashi, ya fiddo ƙaramin almakashinsa, ya miƙa shi gefen da ba ta nan. Muryarsa ta yi ƙasa.

"Ungo. In kin dawo kin tarar an naɗe katifar nan, ki warware, ki karanta da ƙarfi. Wataƙila in jiyo."

Ta zagaya ta karɓi almakashin, ta jefa a jaka. Littafin kuwa ta ɗora masa a ƙirji, ta danne da hannunsa.

"Almakashi na wurina, littafi na wurinka. Kai ka ɗinke, a gabanka za a warware. Ka kuskura ka tafi ba ka ji ƙarshensa ba, wallahi mai raba ni da kai sai Allah."

Tela ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sai da ta ba shi ruwa.

"Na sallama, Uwargida, kin ci. Amma ɗan raɗa mini, yaron ya dawo mata?"

"Ni ma ban sani ba. Sai ka jira ni."

Har ta kai bakin ƙofa ta waiwayo, hannunsa na nan kan littafin, bai ɗaga ba.