Azumin Ƙarya a Shagon Kunafa

Ba zan taɓa mantawa da Alhamis ɗin ƙarshe ta Umarata ba, ko da yake na yi iya ƙoƙarina in manta. Ni mutum ne mai son cikinsa, wannan kowa ya sani a gidanmu. Tun kafin in bar Kano nake kallon bidiyon karin kumallon mutanen Labanan a waya, kuma wani abokin tafiya ya tabbatar min akwai shagunansu a unguwar Zahir. Sai na ƙudurta a raina cewa ibada tukuna, amma ba zan hau jirgi ba sai na bi shagunan nan ɗaya bayan ɗaya. Ranar ce kaɗai ta rage min, don washegari za mu wuce Jidda.

Sai dai maiɗakina ta ɗaure ni da alkawarin zuwa gaida Baffa Hamza, ƙanin mahaifinta, haifaffen Makka da ke zaune a unguwar Utaibiyya. Shi kaɗai ya rage a iyayenta maza, bai taɓa ganina ba, kuma duk abin da ya faɗa a kaina shi dangi za su riƙe. Na shirya in fara da shi da sassafe, in bar masa kyakkyawar shaida, sannan in wuce aikina. Ko shayi ban sha ba, don kada in ɓata wuri a ciki.

Dattijon ya karɓe ni hannu bibbiyu. Muna gama gaisawa aka dire tire a gabanmu: wake da man zaitun, gurasa mai zafi, ga butar shayi.

"Tafaddal, ya waladi, matso mu yi futur," in ji shi. Karin kumallo yake nufi; Hausarsa rabi Larabci ce.

To ni a yadda aka raine ni, mutum ba ya tauna a gaban surukinsa. (Gaskiya kuma, ko da ana taunawa, ba wake na zo nema ba.) Na sunkuyar da kai na ce na ƙoshi. Ya ce a gidansa babu na ƙoshi. Na sake, ya sake. Sai kawai na ji bakina ya ce, "Baba, ai azumi nake."

Ya janye hannunsa daga tiren. "Ma sha Allah! Matafiyi, ga gajiyar Umara, yana azumin Alhamis, ni kuma ina zaune a Makka zan cika ciki?" Ya ɗaga murya ya kira matarsa ta ɗauke tiren. "Ni ma na ɗauka. Ban sa komai a bakina ba tun asuba."

"Baba, ai niyya da dare ake ɗauka," na ce. (Nan take na zama malami.)

"Wannan a wajenku ne. Nan nafila ko da hantsi ana ɗauka. Halas, da magariba ka dawo mu sha ruwa tare."

Mai hankali da ya fita daga gidan nan, sai ya mayar da ƙaryarsa gaskiya, ya kame bakinsa har faɗuwar rana. Na yi wannan tunanin, wallahi na yi, daga falo har bakin ƙofa. Ina taka titi ƙudurina ya dawo da ƙarfinsa. Na ce wa kaina Makka babban gari ne, tsoho mai azumi kuma ba ya yawo a rana. Na tari tasi zuwa Zahir.

Na fara da manakish, wata gurasa da ake shafe wa za'atar, wato garin ganye mai ɗan tsami da riɗi da man zaitun, a gasa ta a gabanka. Na ƙona harshe ban damu ba. Shago na gaba na ci labna, kindirmo ne da aka tsane har ya yi kauri, ana dangwala da gurasa da zaitun. A bakin titi na tsaya wajen mai falafil, wanda ƙosai ne ya yi karatu a waje, na ci a tsaye. Daga nan aka nuna min inda ake fatta: soyayyar gurasa, wake, kindirmo da tafarnuwa, a kwarara man shanu mai zafi a kai yana ƙara. Lokacin cikina ya fara roƙona in yi haƙuri. Ban saurare shi ba, don babban abin da ya kawo ni yana gaba.

Kunafa ce, ta cuku mai zafi da ruwan sukari, a cusa ta cikin burodi mai riɗi. Na samu kujera a lungun shagon, na naɗe hannun riga, na gatsa. Cukun ya biyo ni, ya miƙe tun daga bakina har hannuna, ya ƙi tsinkewa. Ina cikin wannan kokawa na ji wata murya a wajen kanta tana gaya wa mai shagon, da Larabcin da ko ni na gane, a zuba mai kyau, ta surukinsa ce mai azumi.

Na juyo da cuku a gemu. Baffa Hamza ne, leɓɓansa sun bushe, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Ashe ya kira 'yar tasa, maiɗakina, a Kano ya tambayi abin da na fi so, ita kuma ta gaya masa gaskiya.

Na so ƙasa ta tsage. Na miƙe, na rasa ko in haɗiye ko in tofar.

"Baba, wallahi…"

"La, la, kar ka rantse, ya waladi." Ya ja kujera ya zauna daf da ni. "Zauna ka cinye. Ba a zubar da abinci."

"Baba, na ƙoshi."

"Ka faɗa min haka da safe. Ci."

Haka na ci kunafar nan loma bayan loma, mutumin da na hana karin kumallo yana kallona. Ban taɓa cin abu mai zaƙi da baƙin ciki irin na ranar ba. Da na gama ya miƙo min ruwa da hannunsa. Na roƙe shi ya karya tunda nafila ce. Ya ce shi bai saba ajiye abin da ya ɗauka ba, kuma ladan ai da rabona a ciki, tunda ni na jawo.

Da magariba na koma, don ba ni da fuskar guduwa. Ya sha ruwa, matarsa ta yi ta tura min kwano tana cewa in ci sosai, mai azumi. Bai ce mata komai ba, kuma har yau bai gaya wa kowa a dangi ba. Amma duk Alhamis sai saƙon muryarsa ya shigo wayata: "Ya waladi, yau muna azumi ko muna Zahir?"

Abin da na koya shi ne, duk surukin da ya ce min bismilla yanzu, kafin ya rufe baki na wanke hannu.